Littafin Haɗaka da Sunan Mai Magana

Wanda ya zo Dungas neman kantin littattafai zai sha yawo. Abin da zai tarar ranar kasuwa shi ne mai tabarma ya baza Ƙawa'idi da Ahalari da Ishiriniya, a gefensa mai tebur da kaye da biki na ƴan lakwal. Duk da haka, al'adar tara maganar mutane da yawa cikin littafi ɗaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ta girmi lakwal, ta girmi iyakar da ta raba mu da Maigatari. Tana nan tun Dungas na cikin ƙasashen Sosebaki tare da Waca da Miriya, kafin Damagaram ta haɗiye su a ƙarni na 19. Abin da ya yi ta sauyawa shi ne inda ake ajiye sunan mai maganar. Wani zamani a ƙarshen waƙa yake, wani zamani a ƙarƙashin sunan Bature, wani zamani kuwa babu shi sam.

Littafin haɗaka na farko da na taɓa da hannuna kundin kakana ne, wanda ya yi zamaninsa yana malamin tsangaya. Kundi ba ɗinki gare shi ba. Warƙoƙi ne sake, a tsakanin tadarishi na fata, a ɗaure da igiya, a jefa cikin gafaka. A ƙasan kowace warƙa an rubuta kalmar farko ta warƙar da ke biye, don in iska ta watsa su a iya mai da kowace gurbinta. In ka ɗaga tsofaffin takardun a rana za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikinsu, irin takardar nan da ake yi a Italiya, fatake su ƙetaro Sahara da ita daga Tarabulus. Hannun da ke ciki ba ɗaya ba ne. Akwai na kakana, mai kauri, akwai wani siriri da aka ce na malaminsa ne, akwai na wani almajiri da tawadarsa ta yi ruwa. Addu'o'i ne, da laƙanin harbin kunama, da lissafin taurarin damina, da waƙoƙin wa'azi na ajami da aka kwafo daga kundin wasu a yawon ci-rani.

A waɗannan waƙoƙi mawaƙi ba ya jiran wani ya sa masa suna. A baitocin ƙarshe yake faɗin ko shi wane ne, ɗan wane, mutumin ina, ya saka ramzin shekara, ya roƙi mai karatu ya yi masa addu'a. Mai kwafa shi ma ya ƙara nasa sunan a ƙasa, ya nemi gafarar tuntuɓen alƙalami. Ladan marubuci a wancan tsari Fatiha ce, kuma ana biyansa. Haɗin gwiwa a kan rubutu ɗaya ma ba sabo ba ne: waƙar Tabbat Haƙiƙa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta da Fulatanci, ƴarsa Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, ɗansa Isan Kware ya yi mata tahamisi, kuma har gobe malamai na ambaton sunayen su ukun.

Da magana ta koma hannun masu injin ɗab'i, sai lamarin ya sauya, kuma abin mamaki, a kan wani maƙwabcinmu ya fara sauyawa. Dorugu sunansa. An haife shi wajejen 1840 a Dambanas, ƙauye kusa da Kance, wato nan yamma da mu, ƙasa ɗaya, bakin Hausa ɗaya. Yana yaro aka kama shi bawa, aka yi ta cinikinsa har Kukawa ta Barno. Can wani Bajamushe matafiyi, Adolf Overweg, ya ƴanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Overweg ya rasu a 1852 a bakin tafkin Cadi, sai yaran suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Da shi Dorugu ya biyo ta Damagaram a ƙarshen 1852, ya ga Katsina da Sakkwato, ya kai Tumbutu a 1853, ya dawo ta Kano zuwa Kukawa, ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, ya sauka Landan a 1855. Duk wannan bai wuce shekara goma sha biyar ko sha shida a duniya ba.

A Ingila ya faɗa hannun wani ɗan mishan, shi ma Bajamushe, James Frederick Schön. Mutumin nan ya daɗe yana kokawa da Hausa tun tafiyar da ya yi a kogin Kwara a 1841, amma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Sai ga Hausa ta zo masa har gida da ƙafafunta. Abbega ya komo a 1857, daga baya ma ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864, yana magana Schön yana rubutawa: tatsuniyoyi, karin magana, labaran yaƙi, da labarin rayuwarsa tun daga ranar da aka raba shi da gida har yadda ya ga Turawa na zama cin abinci. Daga wannan zaman aka samu nahawun Hausa na 1862 da ƙamus na 1876. A 1885 aka buga Magana Hausa a Landan, tarin labarai da tatsuniyoyi, wanda labarin Dorugu ya ci babban kaso a ciki. Ke nan Hausar da Turai ta fara nazari da gaske, bakin yaron ƙasar Damagaram ce.

Adalci dai, Schön bai ɓoye Dorugu ba. Sunansa na cikin littafin, a kan labarinsa. Amma bango na Schön ne, lambar yabon da Faransa ta bayar a 1877 tasa ce, digirin girmamawa na Jami'ar Oxford a 1884 shi ma nasa ne. Dorugu ya komo ya yi aikin tafinta, ya ƙare yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawar Kano a 1909, ya rasu a 1912. Sai a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa da Ingilishi, tare da na Maimaina jikan Abbega, a matsayin tarihin rayuwa daga bakin masu shi. Na yi lakwal, na yi kwaleji, na yi makarantar horon malamai, na haddace sunayen marubutan Faransa da na Senegal, amma sai da furfura ta fara fito mini na ji sunan Dorugu. Wannan abu yana ci mini rai har yanzu. Daga nan zuwa Kance ba ta kai tafiyar yini a mota ba.

Bayan Dorugu tara tatsuniya ya zama aikin jami'an mulkin mallaka, kowane ɓangare da nasa. Ayarin Kyaftin Tilho, wanda ya bi wannan yanki tsakanin 1906 da 1908 yana shata iyakar Faransa da Ingila, yana da tafinta mai suna Landeroin. Shi ya zauna da dattawa ya rubuta tarihin Damagaram da na Sosebaki, kuma shi da Tilho suka buga nahawu da tatsuniyoyin Hausa a Faris a 1909. Hannun da ya kafa duwatsun da suka raba dangi, shi ya kwashi tatsuniyoyinsu, kuma don jami'ai masu koyon Hausa aka buga su, ba don jikokin masu tatsuniyar ba. A ɗaya ɓangaren Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, juzu'i uku, a Belfast tsakanin 1911 da 1913, akasarinsa daga rubutun ajami na malamai. Wanda ya ɗan kyauta shi ne Rattray a Gwalkwas: littafinsa na 1913 ya ambaci sunan Malam Shaihu, ya kuma buga hoton rubutun hannunsa yadda yake.

Iyakar nan ta Tilho ita ta raba rabon marubuta. A kudu da ita, Rupert East ya shirya gasa a Zariya a 1933, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da sauransu, kowane da sunan mai shi a bango. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939. A 1957 hukumar NORLA ta buga Waƙoƙin Hausa, haɗakar mawaƙa da dama. A 1975 Ibrahim Yaro Yahaya ya tara waƙoƙin ƴan ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin a Waƙoƙin Hikima. Ɗandatti Abdulƙadir ya fitar da Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Da da na Yanzu a 1979, sannan a 1983 Alƙalami a Hannun Mata ya fito da waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya Ƴar Shehu. Ɗan Gumel ko ɗan Ɓaɓura, waɗanda muke cin kasuwa ɗaya da su, ya tashi ya san ana iya buga sunan Bahaushe a kan rubutun Hausa.

Mu a arewa da iyakar, Faransa ta kama Damagaram a 1899, ta yi hedikwata a can har 1926 da ta koma Yamai, kuma lakwal ɗinta ba ta san wani harshe ba sai nata. A zamaninmu ma, bayan ƴancin kai, yaron da Hausa ta suɓuce masa a cikin aji sai a rataya masa alamar horo a wuya har ya kama wani. Wanda Allah ya ba baiwar rubutu, da Faransanci zai yi. Mamani Abdullahi, wanda ya tashi a Damagaram, da Faransanci ya rubuta Sarraounia a 1980, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu, kuma jikokin mayaƙanta sai dai a fassara musu. Fasahar Hausa a Nijar sai ta bi ta inda ba a buƙatar takarda: waƙa, da rediyo, da dandalin samariya. Yazi Dogo da abokansa a Damagaram sun sa ƙasa duka dariya da wasannin da akasarinsu da ka ake shiryawa, kowa ya san rawarsa, a hau dandali.

Ƙofa ta fara buɗewa da yaƙi da jahilci na shekarun 1960. A nan ƙasar Magarya da Matamai gyaɗa ce ta kai manya aji. Manomi na so ya karanta sikeli da idonsa, ya rubuta buhunansa, kada a cuce shi a kasuwar haɗin gwiwa. Hukumar yaƙi da jahilci ta riƙa fitar da ƴan jaridu na Hausa, irin su Ganga da Sabon Ra'ayi ta Madawa, waɗanda ake gurzawa a inji, tawada na fita a yatsa. A nan ne talakan Nijar ya fara ganin sunansa a bugu. Kawuna yana da wata takarda irin wannan da ya adana cikin akwatin kwano tare da rasiɗan haraji. Wasiƙarsa ce, layi kaɗan, kan rijiyar ƙauyensu da ta rufta. A ƙasa an sa sunansa da na ƙauyen. Ninkin takardar ya tsattsage don yawan buɗawa, domin duk baƙon da ya kwana gidan sai an nuna masa. Rubutun kuwa irin na bayan taron Bamako na 1966 ne, wanda Nijar ta riƙa ninka dogon wasali, har ɗan Najeriya in ya gani sai ya tsaya yana haɗa baƙi. Taron Yamai na 1980 ne ya daidaita ƙa'idojin ɓangarorin biyu, ya bar mu da ɗan bambanci kaɗan.

Sauran matakan an taka su a hankali. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Cibiyar CELHTO a Yamai ta buga tarihin baka, irin wanda Isaka Ɗankusu ya tattara na Katsinawan Maraɗi. Abdu Mijinguini ya yi Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci. A shekarun 2000 maɗaba'un Albasa da Gashingo suka fitar da littattafai cikin harsunan ƙasa, yawancinsu na yara da na makaranta. Aiki ne mai kyau, sai dai da yawansa da kuɗin masu ba da agaji ya tsayu, kuma in shiri ya ƙare littafi kan tsaya.

Abin da ya koya wa matan Dungas karatun Hausa don daɗi, ba don sikeli ba, littattafan Kano ne. Tun ƙarshen shekarun 1980 suke shigowa ta kasuwar Alhamis ta Maigatari, cikin kayan ƴan koli, tsakanin turare da man shafawa: Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da ɗaruruwan ƙannensu. Masana sun yi ta kushe su, suna ce musu adabin kasuwa. Ni dai na ga yarinyar da aka cire daga lakwal a aji huɗu ta koma karatu saboda su. Marubutan ƙungiyar Raina Kama kan sa hotonsu na taro da jerin littattafan ƴan ƙungiya a cikin littafin kowannensu, kowa na tallan ɗan'uwansa. Daga wannan ɗabi'a ta dafa wa juna zuwa littafin haɗaka na yau taki ɗaya ne. Gasar Hikayata ta mata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta ƙara wa gajeren labari daraja, waya kuma ta share iyaka.

Ta waya nawa rabon ya zo. Wani zauren marubuta ne a WhatsApp, akwai Kanawa da Katsinawa da Zazzagawa, akwai mu ƴan Maraɗi da Damagaram ƙalilan. Aka ce za a yi haɗakar gajerun labarai, kowa ya turo nasa, wanda aka zaɓa ya ba da karo-karon kuɗin ɗab'i, a ba shi kwafinsa. Tsarin ke nan yanzu, ba wani kamfani da zai biya ka. Na rubuta labarin yunwar 1984, wadda mu nan muke kira El-Buhari, saboda ta haɗu da rufe iyaka da canjin naira da gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta yi a shekarar. Daga bakin gwaggona na ɗauko shi: yadda mata ke bin jaki da dare ta cikin gonaki, su ƙetara su auno garin rogo, su komo kafin assalatu, goyo a baya. Na roƙi mai tace littafin, wata malama a Kano, ta sa layi ɗaya a ƙarƙashin kan labarin mai cewa daga bakin wance aka ji shi. Ta ce ba a saba ba, amma ta sa.

Littattafan sun iso Maigatari a hannun direba, ɗan kabu-kabu ya ƙaraso da su cikin kwalin taliya. Ban jira na kai gida ba, a bakin tasha na yage kwalin da makullin babur ɗinsa. Ba labarin na fara nema ba, jerin sunaye na buɗe. Ga ni nan tsakanin wata Bakatsiniya da wani Bazazzagi, kuma a gaban sunana an rubuta Dungas, Jamhuriyar Nijar. Na yi shekaru ina rubuta sunan garin nan a kan takardun aiki, da harafin Faransanci, ban taɓa jin komai ba. Ran nan sai da na nemi benci na zauna. Ɗan kabu-kabun ya ce, “Mushe, lafiya?” Na ce lafiya lau, na ƙara masa jaka guda a kan kuɗinsa, ya tafi yana waiwayena.

Wani zai ce mene ne abin murna a shafi goma cikin littafin da kai ka biya kuɗin bugunsa? Tambayar na da hujja. Takardar ba ta da kauri, wasu labaran ciki ba su nuna ba, kuma kwafin da aka buga ba su da yawa. Amma wanda ya buga littafi shi kaɗai a garin da ba kanti, ɗakinsa zai cika da shi. Na haɗaka kuwa kowane marubuci na ɗauke da sauran zuwa garinsu, kamar gayya: ka yi wa wani noma, a zo a yi maka. Labarin matan Dungas yanzu yana Funtuwa da Gusau, garuruwan da ban taɓa zuwa ba, kuma wata malamar makaranta daga can ta kira ni ta ce mahaifiyarta ta tuna shekarar, amma daga ɓangaren masu sayar da garin.

Gwaggo ba ta karanta boko. Da na kai mata, ta goge hannu a zane kafin ta karɓa, ta juya shi, ta shinshina.

“Gwaggo, ga sunanki nan,” na ɗora mata yatsa a kan layin.

“Kai ɗan nan, ka kai ni Kano ban shirya ba. Sun sa ƴar wane?”

“An sa, Gwaggo. Da sunan Malam.”

“To, madalla. Karanto in ji ko ka yi mini ƙari.”

Na karanta mata a tsakar gida, kishiyoyinta da jikoki sun kewaye mu. Ta tsayar da ni a wuri biyu. Jakin ba nata ba ne, aro ne, kuma ba ita ta fara ganin fitilar ƴan kwastan ba, wata maƙwabciyarta ce da ta riga mu gidan gaskiya. Ta ce in za a sake bugawa a sa sunan matar ita ma, domin ƴaƴanta na nan da rai a Dogo-Dogo.

A watan Maris na 2025 sabon kundin sake gina ƙasa da Janar Abdurahaman Tiani ya sa wa hannu ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. An yi ta muhawara a kai, masu murna da masu ƙorafi, kuma ƙorafin masu sauran harsunan Nijar abin saurare ne. Ni abin da nake jira in gani ƙarami ne: ko wannan doka za ta haifi injin ɗab'i mai sauƙin kuɗi a Damagaram, da gasa ta shekara-shekara, da shiryayyen littattafai ko da guda ne a kwalejojin Dungas da Guci da Malawa, da darasi ɗaya a kan Dorugu a manhajar yaranmu. Dungas ta samu matsayin gunduma mai cin gashin kanta daga Magarya tun 2011, ta samu ofisoshi da jami'ai, kantin littafi dai shiru. Mu ƴan wannan ɓangare da ke zauren mun fara tara labarai don haɗaka tamu ta ƴan jihar Damagaram, an samu na Waca da na Bande da na Miriya. Mun tambayi kuɗin bugu a wurare uku, muka lissafa da sefa muka lissafa da naira, har da kuɗin direba da na kwali, Kano ce dai ta fi araha.